Yana Nan Har Yanzu?

Ku da kuke bina a sharhi kuna cewa, "Despina, ki yi haƙuri da mahaifiyarki, alheri take nufinki da shi," ku matso kusa, yau da ku nake. Ku ji abin da alherin ya jawo mini tukuna, sannan mu koma maganar haƙuri.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Despina, shekarata ashirin da tara, ina gidan iyayena a Oakleigh, kuma sana'ata tsintar abin da mutane suka zubar. Duk unguwar da makon kwashe tarkacenta ya zo, kowa sai ya fito da kujerarsa mai karyayyiyar ƙafa ya jibge a kan ciyawar bakin titi. Ni kuma in bi da tsohuwar motar Baba in kwasa, in wanke, in ɗaure, in ɗauki hoto ta gefen da babu tabo, in sa a intanet. Ƙa'idar kowa ya san ta: abin da ke cikin shinge na mai gida ne, abin da ya taɓa ciyawa na wanda ya riga ne. Da wannan sana'a wutar gidanmu take ci, amma in Mama za ta gabatar da ni a coci sai ta ce, "Tana harkar ƙawata gidaje," ta yi maza ta tambayi mutum lafiyar gwiwarsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai a sana'ar nan shi ne masu saye. Ka zauna ka rubuta bayani tsaf, tsawo da faɗi da launi, ba wanda zai karanta. Sai dai ka ji waya ta yi ƙara: "Yana nan har yanzu?" Ka ce yana nan, mutum ya ɓace kamar an haɗiye shi. Ni yanzu in na ga wannan tambayar buɗewa nake yi in rufe, su ga na gani, su ci kansu.

To, Thia Litsa, yayar Mama, ita ta samo mini Stelios. A gabana ta yi tallata a waya: ba ta taɓa aure ba, ga tsabta, ba ta shan taba, a zo a gani da ido. Na ce, "Thia, saura ki ce mai saye shi zai zo ya ɗauka." Ta jefe ni da silifas, ba ta ko katse wayar ba.

Stelios dillalin gidaje ne. Kwat, turare, haƙora farare kamar sabon kwanon wanka. Sau biyu muka sha kofi da shi. A na biyun sai da ya goge kujera da takarda kafin ya zauna, ya ce shi fa ba ya iya taɓa abin da wani ya yi amfani da shi, komai nasa sabo ne. Na yi murmushi na gyara zaman jakata, wadda na tsinta a Clayton cikin ruwan sama. Ban gaya masa sana'ata ba, don Mama ta sa ni rantsuwa a gaban hoton Maryamu. Aka tsayar da cewa ranar Asabar zai zo da mahaifiyarsa su ga gidanmu.

Ranar Juma'a na kai wa wata mata durowa can Frankston, matar da ta rantse mini ƙofarta za ta ci, ƙofa kuma ta ƙi. Sai yamma na dawo. Tun daga kwana na hango garejinmu a buɗe, an share shi tas, warin maganin wanki har titi. Fitilu, madubai, keken ɗinki, kujeru shida da na gama yi wa fenti, babu ko ɗaya. Na juya na dubi ciyawa. Ita ma wayam, sai shatin ƙafafun kaya.

Na tarar da Thia Litsa a kicin, ƙafafunta cikin roba da ruwan gishiri, Mama na murza ƙullun biskit.

"Ina kayana?"

"Wane kaya?" in ji Thia. "Shara dai. Mun fitar. Ko azahar ba a yi ba wani bawan Allah ya zo da farar mota ya kwashe, ko sisi bai karɓa ba. Akwai mutanen kirki har yanzu."

"Thia, abincinmu ne kika zubar."

"Miji nake nema miki, kina mini maganar fitila. In Kiria Fotini, uwar Stelios, ta leƙa garejin nan ta ga bola, me za mu ce mata?"

Na buɗe baki zan ba ta amsar da za ta sa a kira Fada daga coci ya sasanta mu, sai wani abu ya faɗo mini. Kusurwar garejin ta hagu ma babu komai.

"Ina Marika?"

Hannun Mama ya tsaya cak a cikin ƙullu.

Marika ba mutum ba ce. Abin gashin rago ne da Baba ya ƙera tun ba a haife ni ba, da rabin duro, da doguwar sandar ƙarfe, da injin wata tsohuwar na'urar wanki da ke juya sandar. In tana juyawa sai ta yi gurrr, ta tsaya kamar za ta mutu, ta yi ƙiiit, ta ci gaba. Baba ya sa mata sunan wata tsohuwar maƙwabciyarmu da ke yini tana nishin ciwon baya. Duk Ista, idin ƙarshen azuminmu, da wannan nishin unguwa take sanin an sha ruwa a gidanmu.

A watan Janairu ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, magana ta tafi. Abu uku suka rage masa a baki: sunan Mama, wani zagi da ba zan rubuta ba, da kukan Marika. Ranar da mai koya masa tafiya a asibiti ta tambaye shi me yake so ya tashi ya yi, sai ya dube ta ya ce, "Gurrr, ƙiiit." Matar ta ɗauka ciwo ne ya motsa. Ni na fita baranda na yi kuka har hancina ya toshe. Tun ranar yake jan ƙafar nan kamar mai jan buhu, don an ce in ya dage za a sallame shi ranar Alhamis kafin Ista.

"Wannan ruɓaɓɓen duron?" in ji Thia. "Na sa mijina ya turo shi waje. Ya yi tsatsa."

Mama ta zauna a hankali. Na ga ba ta sani ba, na ga kuma ta fi ni jin abin. Amma ku ji abin da ya fito daga bakinta.

"Kada ki gaya wa babanki. Kuma kada ki ɓata fuska gobe. Sai baƙi sun tafi."

Farar motar nan na san ta. Shekara guda ke nan muna tsere da mai ita, ban taɓa ganin fuskarsa ba, sai bayan motarsa tana shan kwana da abin da na yi niyya. A intanet hoton bishiyar lemo ya sa a madadin fuskarsa, kuma duk abin da zai sayar sai ya haɗa shi da makoki: "Na kakata ne, Allah ya ji ƙanta." Na bi shafinsa tsaf, matar nan ta mutu ta bar kujerun falo sun fi na ɗakin taro. Na duba shafin a ranar har idona ya yi ja, bai sa komai ba.

Asabar, Mama ta cire ledar da ke kan kujerun falon baƙi, abin da ban gani ba tun bikin baftismar ɗan Thia. Kujerun da kansu sun yi mamaki. Ta shimfiɗa farin saƙi a kan kowane tebur, har kan talabijin. Ni aka cusa ni cikin shuɗiyar riga mai dogon hannu don a ɓoye inda ƙusa ta yage ni, aka rataya mini sarƙar gicciye ta kakata, Thia ta fesa mini turare har a kunne.

Ta taga na ga isowarsu. Kiria Fotini, wato Madam Fotini, ta fito da gashinta a tsaye kamar an yi masa siminti, jaka a maƙale a gwiwar hannu. Stelios ya fito da fure. Ya dubi lambar gida, ya dubi gareji, ya dubi ciyawa. Sai ya tsaya. Uwar ta yi gaba har ta kai ƙofa, shi yana nan riƙe da fure kamar wanda aka aiko gidan mutuwa.

"Kunya yake ji," Thia ta raɗa mini. "Ɗan gidan mutunci."

Aka zauna. Saboda azumi babu nama babu madara, sai ɓawon lemo da aka dafa da sukari, da ruwan sanyi, da kofi. Ina kicin ina jiran kofi ya taso na sake leƙa waya, sai ga ta. Marikarmu, an yi mata baƙin fenti tana sheƙi, an ɗauke ta hoto a gaban wani bangon bulo. Ko a duhu na san ƙafar nan ta baya da Baba ya yi wa ƙari da bututun ruwa. Dala ɗari huɗu. Kofi ya zube a kan murhu ban kula ba.

Ina da wani shafi na biyu mai suna Kevin, da hoton babur, don an fi yi wa maza ragi. Kaina ya ɗauke, na rubuta abin da ya fara zuwa mini. Ku yi dariya, na ba ku izini.

"Yana nan har yanzu?"

Na ɗauki faranti na shiga falo, wayar a ƙarƙashinsa. Ina ajiye wa Stelios kofi, aljihunsa ya yi zuuu.

Na ce a raina, Despina, kowa na da waya. Na koma kujerata, na ɗora wayar a cinya, na rufe da gefen saƙin tebur, na tura alamar tambaya ita kaɗai. Zuuu. Na dube shi ido cikin ido na sake turawa. Zuuu.

"Aiki ne," in ji Kiria Fotini. "Ko Asabar ba sa barin yaron nan. Gidaje, gidaje."

"Ka duba mana, ɗana," in ji Mama. "Kada ciniki ya wuce ka."

Ya zaro wayar ya sa ƙasan tebur. A lokacin na lura da gefen farcen babban yatsansa. Baƙin fenti. Tawa wayar ta yi haske.

"Yana nan. Na kakana ne, da hannunsa ya ƙera a ƙauye. Da ƙyar nake rabuwa da shi."

Na rubuta, "Allah ya ji ƙan kaka. Shi ne mijin mai kujerun nan?"

Ya ɗaure fuska. "Malam, in saye za ka yi ka yi magana."

A saman tebur kuwa wani cinikin ake yi. Kiria Fotini ta kurɓi ruwa ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Ashirin da tara kika ce? Yarinya kyakkyawa haka, me ya sa har yanzu tana nan?"

"Zaɓe ne da ita," in ji Mama. "Likita ma ya zo."

Likitan haƙori ne, kuma teburin cin abinci ya zo saye.

"Lafiyarta dai ƙalau? Na ji ciwon mahaifinta."

"Wannan daga aiki ne, ba a jini yake ba."

Jama'a, ni da nake jujjuya kujera in duba ƙasanta ko ƙwaro ya ci, yau ga ni ana duba nawa ƙasan. Na sunkuyar da kai kamar mai kunya, na rubuta, "Dala hamsin zan biya."

Sai da ya ƙware da kofi. "Raini ne wannan. Akwai wanda zai zo da yamma da kuɗi a hannu."

Kowa haka yake cewa, ni ma haka nake cewa. Amma wani lokacin gaskiya ne, sai na daina wasa na rubuta:

"Ƙafar baya ta hagu bututun ruwa ce. Ƙarƙashin duron an rubuta D da ƙusa, ni na rubuta ina 'yar shekara bakwai. Ɗago kai ka gai da Kevin."

Ya ɗago a hankali. Na ɗaga masa kofina. Ban taɓa ganin mutum ya canza launi irin haka ba, har kunnuwansa.

"Kun ga kallon da suke yi wa juna?" in ji Thia, ba ta ko rage murya ba.

Saƙo ya shigo. "Don Allah kada uwata ta sani."

Na rubuta, "Na babana ne, zai dawo Alhamis. Tashi."

Ya miƙe tsaye, ya gyara kwat, ya share gumi, ya fuskanci Mama.

"Kiria Katina, ina neman izini in fita da Despina. Akwai abin da nake so in nuna mata, kuma ba zai jira ba."

Mama ta yi alamar gicciye sau uku. Kiria Fotini ta buɗe jaka tana neman hankici. Thia Litsa ta dafe ƙirji ta ce, "Zobe," da muryar da take ganin raɗa ce. Na so in tsaya in gyara maganar, amma ina tunanin mai zuwa da yamma, sai na suri jakata. Muna fita na ji Thia ta riga ta fara kiran waya.

Cikin mota, muna wuce fitilar hanya ta biyu na juya na dube shi.

"Komai naka sabo ne, ko?" na ce.

"Ke kuma mai ƙawata gidaje."

"Ɓarawo."

"A kan ciyawa suke. Kin san ƙa'ida." Ya sha kwana. "Na yi mamaki dai. Ban taɓa ganin shara an goge ta da man katako ba. Na ce mutanen gidan nan ko dai mahaukata ne ko an yi saki."

Wai gida ɗaya ya sayar tun bara, kuma sai an sayar ake biyansa. Farar motar ce take ciyar da shi da uwar nan mai siminti a gashinta. Kwat ɗin ma a shagon gwanjon coci ya same shi. Goge kujerar da ya yi kuwa, Thia ce ta gaya masa ni 'yar gayu ce, ko tsohon cokali ba na son gani. Na so in yi dariya, na danne. Na lura in ba ya yin murmushin dillalai fuskarsa ba ta da laifi, na danne wannan ma.

Garejin da yake haya yana Springvale, bayan gidan wani ɗan uwansa. Yana ɗaga ƙofa na ga fitiluna, da madubaina, da kujeruna shida a jere kamar masu jiran likita. Ban bi ta kansu ba. Na durƙusa gaban Marika na shafa ƙasan duron, na ji D ɗina a ƙarƙashin fenti. Sai a lokacin numfashina ya dawo.

"Ki ɗauka," ya ce. "Duka. Zan ce wa mutumin an saya. Kuma ki gani, na yi mata aiki."

Ya jona wuta yana murmushi, irin na wanda ke jiran yabo. Sandar ta fara juyawa. Sumul, lafiya lau, kamar a mafarki. Na kasa kunne. Shiru.

"Ina kukan?"

"Wane kuka? Ai wannan tsohon injin ne, kamar ana yanka akuya. Na cire na sa sabo. Na rubuta a bayanin, ba ki karanta ba?"

Ban karanta ba. Ni, Despina, ban karanta bayani ba.

"Stelios, ina tsohon injin?"

Murmushin ya tafi. Ya juya ya dubi titi. A jikin kowane gida tarkace ne a jibge, makonsu ne su ma.

"Da safe na ajiye shi," ya ce, "a kan ciyawa."

Da takalmi mai tsini na yi gudun nan. Ga katifa, ga karyayyen keken yara, ga tukunyar fure. A tsakaninsu ciyawa ta kwanta daidai faɗin inji, da ɗigon baƙin mai.

Wayata ta fara zuba kamar ruwan sama. 'Yar Thia daga Sydney: "Sai a bakin mutane za mu ji?" Matar Fada ta turo hoton zuciya. Mama: "Zobe a hannun dama ake sawa, kada ki ba mu kunya." A ƙarƙashinsu akwai saƙon murya daga wayar Baba, wata ma'aikaciyar jinya ce take danna masa. Na buɗe. Na ji numfashinsa, na ji yana haɗa ƙarfi.

"Gurrr," ya ce. "Ƙiiit."

Sai ya yi dariya. Rabon da in ji dariyarsa tun Janairu.

Na zauna a kan katifar mutane da shuɗiyar rigata. Stelios ya tsuguna a gefena, kwat ɗinsa na jan ƙasa, yana ta latsa waya. Can ya miƙo mini. Wani mai suna Gary, hoton kifi a madadin fuska, ya sa shi bai fi rabin awa ba: tsohon injin na'urar wanki, yana aiki, yana da ƙara. Ga jan tef ɗin da Baba ya naɗe wayar wutar injin da shi.

Na fara rubutu ina share hanci. Na rubuta asibiti, na rubuta Alhamis, na rubuta cewa duk abin da ya ce zan biya. Stelios ya riƙe mini hannu.

"Kin san abin da za ki yi da wani ya turo miki wannan."

Na sani. Zan ce akwai wanda zai zo da yamma, in zauna in ga iya inda zai kai. Wani ma ba zai yarda ba, zai ce ƙarya ce, don duk garin nan kakannin kowa sun mutu a kan kaya. Na goge asibitin, na goge Baba, na goge komai. Abu ɗaya ya rage da mai saye zai iya faɗa ba tare da ya tona cikinsa ba.

"Yana nan har yanzu?"

Alama ta nuna ya gani. Ɗigo uku suka fito suna rawa, yana rubutu. Na riƙe wayar da hannu biyu, Stelios ya leƙo ta kafaɗata.

Ɗigon suka ɓace.